Sana'ar Tsohon Falet: Daga Amalanke Ɗaya Zuwa Filin Kanka

Duk kwantenar da aka buɗe a masana'antun Sharaɗa ko Bompai ko Challawa a Kano, idan aka gama kwashe abin da ke ciki, sau da yawa akwai abin da ke saura a ƙasa. Shi ne falet, katakon nan mai gajerun ƙafafu da ake jera kaya a kansa domin motar ɗaga kaya ta zura haƙoranta ta ɗauke su gaba ɗaya. Mai kamfani kayansa ya saya, falet kuwa rakiya ya yi musu. Da ya taru a bayan sito sai ya zama damuwa, ya cinye fili, ya tara ɓeraye, kuma ga tsoron gobara. A daidai wannan lokaci akwai wani Alhaji a Dawanau ko Kasuwar Singa da buhunansa ke zaune a kan daɓen siminti suna jan danshi, yana neman abin da zai ɗaga su daga ƙasa. Waɗannan mutane biyu ba su san juna ba, kuma babu mai lokacin neman wani. Wanda ya shiga tsakaninsu da amalanke da guduma da gaskiya ya sami sana'a.

Tun daga farko ina so mai karatu ya riƙe abu ɗaya. Ribar wannan sana'a a wurin tantancewa take. Tuli ake saya a cakuɗe, mai kyau da ruɓaɓɓe, mai tsabta da wanda ya sha guba, amma ɗaya-ɗaya ake sayarwa, kowanne ga wanda ya dace da shi. Wanda ya iya raba tulin nan, kuma bai yi wa mai saye algus ba, shi ne zai wuce shekara a cikinta.

Falet ya samo asali ne a Amurka tare da motar ɗaga kaya. A 1939 aka ba George Raymond da Bill House takardar mallakar fasahar wani samfurinsa, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya yaɗa shi, saboda sojoji na buƙatar loda jiragen ruwa cikin gaggawa. Kayan ɗaukar kaya da sojojin Amurka suka bari a Ostareliya bayan yaƙin su ne tushen kamfanin CHEP, wanda Brambles ya saya a 1958, kuma har yau hayar falet yake bayarwa a ƙasashe da yawa. A 1961 kamfanonin jiragen ƙasa na Turai suka amince da awo guda ɗaya domin a riƙa musayar falet a tsakaninsu. A Amurka akwai mutanen da abincinsu ke nan, su zagaya bayan shaguna da ƙaramar mota, su kwashi falet, su kai filin masu gyara a biya su. Wasu filayen gyaran ma haka suka soma. Saboda haka hanya ce da aka riga aka bi, sai dai a nan sai mun daidaita ta da gara da hunturu da tsadar mota.

Fara da mai saye

Kuskuren da ya fi cinye jarin sabon shiga shi ne ya ga tuli da araha ya saye, sannan ya fara neman wanda zai sayar wa. Ka juya tsarin. Kafin ka fitar da ko kwabo, ka sayi tef na awo da ƙaramin littafi, ka zagaya wuraren da ake ajiye kaya a buhu ko a kwali. Masu sarin shinkafa da sukari da fulawa, dillalan siminti, masu takin zamani, masu abincin kaji, manyan shagunan magani, masu ruwan leda, injinan casar shinkafa, duk suna buƙata. 'Yan Kantin Kwari ma sun san darajar ɗaga kaya daga ƙasa, musamman bayan ambaliyar da ta shiga kasuwar a daminar 2022 ta jiƙa atamfofi da yadudduka masu yawa.

Idan ka shiga, bayan gaisuwa tambayoyinka kaɗan ne. "Ranka ya daɗe, me ake ɗorawa a kai? Buhu nawa ake jerawa sama? Da hannu ake lodi ko da mota? Guda nawa ake nema, kuma wane awo?" Amsar nan ita ce za ta gaya maka irin falet ɗin da za ka nema. Mai sito da 'yan dako ke yi masa lodi da hannu ba ruwansa da ko awo ya ɗan bambanta, shi dai ya zama mai ƙarfi, busasshe, babu ƙusar da za ta yaga buhu. Kamfanin da ke da motar ɗaga kaya, musamman wanda ke ɗora falet a kan kantocin ƙarfe masu hawa-hawa, ba zai karɓi bambancin ko yatsa biyu ba, domin falet ɗin da bai zauna daidai ba yana iya rufto wa ma'aikaci da tan guda na kaya.

Awon da za ka fi haɗuwa da shi ba shi da yawa. Na Turai tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 80. Akwai mai 120 da 100, wanda masana'antu da yawa suka fi so. Na Amurka inci 48 ne da inci 40, wato ya ɗan fi mai 120 da 100 kaɗan, kuma ido ba ya saurin rabe su, sai an sa tef. Kayan da suka fito daga ƙasashen Asiya sukan zo a kan mai 110 da 110. Bayan waɗannan akwai tarkacen awo iri-iri da aka ƙera wa wani inji ko wani kaya na musamman. Waɗannan su ne ke kwana a fili, don haka da kuɗin katako za ka saye su, ba da kuɗin falet ba.

Ƙirar ma iri biyu ce. Akwai mai gungume tara, wanda haƙoran mota ke shiga ta kowane ɓangare huɗu. Akwai kuma mai doguwar sanda uku irin tu-bai-fo a kwance a ƙasa, wanda ake shiga ta ɓangare biyu, sai fa in an yi wa sandunan tsaga. Falet ɗin Turai na asali, mai hatimin EPAL, ya cancanci ka haddace shi, domin shi ne ma'aunin sauran. Allunansa 11 ne, gungumensa 9, ƙusoshinsa 78, tsayinsa daga ƙasa milimita 144, nauyinsa wajen kilo 25, kuma an yi shi ne ya ɗauki kilo 1,500, wato buhun siminti 30. Idan ka samu irinsa da lafiyarsa, kada ka haɗa shi farashi ɗaya da sauran.

Inda ake samo shi, da takardar da ke rakiyarsa

Wanda ke da falet ɗin da ba ya so shi ne wanda kaya ke shigo masa a kai amma ba sa fita a kai. Masana'antun roba da ke shigo da ƙwayar roba a buhu, masu buga littattafai da ke karɓar takarda, dillalan tayil, masu shigo da injuna da batura da allunan sola, manyan kantuna, duk suna cikin wannan sahu. Tashoshin tsandauri ma sun ƙara kawo kwantena kusa da gida, ta Kaduna da aka buɗe a 2018 da ta Dala a Kano da aka buɗe a 2023.

Abin da zai sa manaja ya ba ka kai, ya bar wani, ba lallai ne yawan kuɗi ba. Shi fili yake so a share masa. Ka ce masa za ka zo rana kaza a kowane mako, za ka kwashe duka, mai kyau da fasasshe, kuma za ka bar wurin a share. Sannan ka cika. Masu zuwa su tsince masu kyau su bar masa tarkace sun riga sun ishe shi.

A nan ne kuma mutane da yawa suke jefa kansu cikin masifa. Kada ka sayi falet ta kan katanga, ko daga hannun maigadi da daddare, ko daga direban da ya tsaya a gefen titi ya ce ragowar kaya ne. Ka biya a ofis, a ba ka rasit da takardar fita mai sa hannun wanda ke da ikon sayarwa, ka adana su. Falet mai shuɗin fenti da sunan CHEP a jikinsa ba a sayar da shi, na haya ne, kuma duk inda ya je mallakar kamfanin ne. Haka wanda kamfanonin lemo da makamantansu suka buga wa sunansu ko suka shafa wa launinsu. Ko kyauta aka ba ka irin wannan ka bar shi, domin ranar da aka gan shi a filinka babu wanda zai saurari labarin yadda ya zo.

Tantancewa

Wannan aikin kai za ka yi shi da hannunka har sai ka horar da yaron da ka amince da idonsa. A sauke falet ɗaya-ɗaya da rana, a kifa shi a duba ƙasansa, domin a can lalacewa take ɓuya.

Abu na farko da za ka duba shi ne abin da ya taɓa zuba a kansa, tun kafin ka duba ƙarfinsa. Katako yana shan ruwa, yana shan mai, yana shan guba, kuma ba ya mayarwa. Ka duba tabo, ka sunsuna. Wanda ya ɗauki maganin ƙwari ko na ciyawa, ko batur, ko sinadarin jima daga majema, ko ganga mai ɗigar mai, ya fita daga sahun abinci har abada, ko da sabo fil ne. Wankewa ba ta fitar da shi. A 2010 sai da wani babban kamfanin magunguna a Amurka ya janye kayansa daga kasuwa saboda wari da suka ɗauka, aka bi diddigi aka gano daga sinadarin da aka shafa wa katakon falet ne. Idan magani da ke cikin kwalba a cikin kwali ya ɗauki wari, buhun fulawa da ke kwance kai-tsaye a kan katako fa? Irin wannan falet ka yi masa alama da jan fenti, ka ware masa gefensa, ka sayar wa masu bulo ko tayil ko ƙarfe, kuma ka gaya musu abin da ya ɗauka. Na san akwai masu kankare tabo su cusa shi cikin masu tsabta. Wannan cin amana ne, kuma waɗanda za su ci abincin ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Abu na biyu shi ne hatimi. A jikin gungume ko sandar falet ɗin da ya tsallako iyaka za ka ga wani tambari da aka ƙona, mai hoton zangarniyar alkama da haruffan IPPC. Kusa da shi akwai haruffa biyu na ƙasar da aka yi aikin, kamar CN na Sin, DE na Jamus, IN na Indiya, TR na Turkiyya, sai lambar wanda ya yi aikin, sai kuma nau'in maganin. Wannan ƙa'ida ce ta duniya da ake kira ISPM 15, wadda aka amince da ita a 2002 domin hana ƙwarin itace tsallakawa daga wata ƙasa zuwa wata. HT na nufin an gasa katakon har zafi ya kai digiri 56 a tsakiyarsa na tsawon minti 30 ba yankewa. MB kuwa na nufin an turara shi da iskar guba ta metil buromaid, wadda Tarayyar Turai ta daina amfani da ita tun 2010. Ni dai shawarata, mai MB kada ya je gidan burodi ko wurin mai tsire ko murhun girki, kada kuma a yi gadon yaro da shi. Sai dai ka lura da iyakar abin da hatimi ke faɗa. Labarin maganin da aka yi wa katakon kawai yake ba ka. Ba ya gaya maka abin da ya zuba a kai daga baya, kuma HT ba ya hana gara ta ci shi a filinka.

Bayan tsabta da hatimi sai ƙarfi. Ka tsaya a tsakiyarsa ka ji ko zai lotsa. Ka ɗaga kusurwa ɗaya ka girgiza, idan ya yi ƙara yana murɗewa to ƙusoshinsa sun saki. Ka soka tsinin ƙusa a gungume, in ya shige da sauƙi ya ruɓe. Ƙananan huji da gari mai laushi a ƙarƙashinsu alamar ƙwaro ne a ciki, irin wannan a nisanta shi daga sauran nan take. Wasu gungumen na matsattsen garin katako ne, suna da ƙarfi muddin ba su jiƙe ba, amma da sun sha ruwan sama sai su kumbura su marmashe.

Daga nan tulin zai rabu gida uku. Lamba ɗaya shi ne wanda ba ya buƙatar komai sai shara. Lamba biyu shi ne wanda allo ɗaya ko biyu suka karye, ko gungume ya fita, amma gangar jikinsa lafiya. Na uku shi ne na farkewa, wanda za a ciri allunansa a gyara na biyu da su. Saboda wannan ne na ce ka kwashe har da fasassu, su ne kayan gyaranka, kuma sun fi sayen sabon katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa sauƙi nesa ba kusa ba.

Gyara da farkewa

Kayan aikin farko ba su da yawa: guduma mai cire ƙusa, dogon ƙarfen ɓamɓara, zarton katako, zarton ƙarfe, tef, sukwaya, da tebur mai ƙarfi wanda ya kai ƙugu, domin mai gyara a tsugune ba ya wuni. Ƙusar falet ba irin ta kafintan gida ba ce. Mai murɗi ce ko mai zobe-zobe a jiki, an yi ta ne don kada ta fita, shi ya sa wanda ya sa ƙarfi ya fizgi allo zai tsaga shi. Hanya mafi kyau ita ce a kifa falet, a sa guntun katako a kan allon daga baya, a bubbuga a hankali kusa da ƙusoshin har ya ɗan buɗe, sannan a zura zarton ƙarfe a tsakani a yanke su. Guntun da ya rage a cikin allo a fitar da shi da tsinke, wanda ya rage a gungume a dasa shi ciki sosai.

Wajen mayar da allo, kaurinsa ya zama daidai da na 'yan'uwansa. A na Turai milimita 22 ne. Allo siriri a tsakanin masu kauri ba ya ɗaukar komai, mai kauri a tsakanin sirara kuma shi kaɗai zai ɗauki nauyin ya karye. Ka yi amfani da ƙusa mai murɗi, aƙalla biyu a kowace mahaɗa, uku a allo mai faɗi, kuma kada ka jera su a layi ɗaya na jijiyar katako, ka karkata su. Da hunturu katako yana bushewa ƙarau, ƙusa na shiga sai ya tsage, don haka ka ɗan daki tsinin ƙusar ya dakushe kafin ka kafa ta a bakin allo. A ƙarshe ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, in awon ya zo ɗaya falet ya miƙe. Sannan ka shafa hannu da safa a samansa. Kan ƙusa ɗaya da ya leƙo ya isa ya farke buhun sukari, kuma mai sito ba zai manta wanda ya kawo masa ba.

Wasu suna shafa baƙin mai don korar gara. A kan falet ɗin da za a ɗora bulo babu laifi, amma wanda zai shiga siton abinci ko magani kada baƙin mai ya kusance shi.

Abin da ya rage bayan gyara duk kuɗi ne. Dogayen allunan farin katakon Turai kafintoci na son su don benci da kanta da kejin kaji. Guntaye masu tsabta na HT su tafi itacen wuta. Ƙusoshi a tara a buhu a auna wa 'yan gwangwan. Fasasshen falet na roba masu niƙa roba suna saye da kilo.

Yaran da ke aikin nan amana ce a hannunka. Ka saya musu takalmi mai kaurin ƙasa da safar hannu, ka hana aiki da silifa, domin filin falet cike yake da tsatsattsiyar ƙusa. Wanda ƙusa ta soka a kai shi asibiti a yi masa allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora a ranar, kada a tsaya ga toka ko ruwan batur.

Fili, mota da lissafi

Da farko kusurwar fili da ka karɓi aro ko haya ta isa, muddin mota za ta iya shiga kuma ruwa ba ya kwanciya. Kada falet ya taɓa ƙasa, a jera bulo a ɗora na farko a kai, a riƙa leƙa ƙarƙashi saboda gara. Kowane awo da kowace lamba da layinsu, a jera su 15 zuwa sama a miƙe, a bar hanya a tsakanin layuka. Da damina a rufe sama da tamfol amma a bar gefe iska ta ratsa, in ba haka ba fumfuna za ta baƙanta katakon, kuma mai abinci ba zai karɓa ba. Jerin busasshen falet kamar murhu ne da aka riga aka shirya wa itace, iska na shiga ta ko'ina, wuta kaɗai yake jira. Don haka a nisanta shi da janareta da wayar lantarki da katangar maƙwabta, a ajiye ganga cike da ruwa da bokitan yashi, kuma a yi wa maigadi wurin jin ɗumi can nesa kafin sanyi ya shigo.

Mota ita ce ke cinye ribar wanda bai yi lissafi ba, saboda falet ya fi cin wuri a kan nauyi. Guda 40 na Turai tan ɗaya ne kacal. Tirelar da ke ɗaukar buhun siminti 600, wato tan 30, idan bayanta ya kai mita 12 za ta ɗauki falet ɗin Turai 30 a shimfiɗe, in aka jera 15 sama ya zama 450, nauyinsu bai fi tan 11 da 'yan kai ba, amma kuɗin mota cikakke za ka biya. Wannan ne ya sa sana'ar ta fi kyau a kusa da gida. A cikin gari amalanke da a-kori-kura sun wadatar, kuma ka tsara tafiyarka yadda motar da ta kai wa mai saye za ta biya ta wurin mai sayarwa a hanyar dawowa. Ɗauko falet daga Legas sai in ka samu motar da za ta taho babu kaya, kuma ka riga ka san wanda zai karɓa.

Ga yadda ake fitar da farashi, a matsayin misali kawai. A ce ka sayi tuli na guda 100, ka tantance ka samu 45 lamba ɗaya, 30 na gyara, 25 na farkewa. To abin da za ka sayar a matsayin falet 75 ne. Ka haɗa kuɗin saye da na mota da na 'yan dako da ƙusa da ladan masu gyara da rabon hayar fili, ka raba a kan 75, ba a kan 100 ba. Abin da ya fito shi ne uwar kuɗin kowane ɗaya. Rufin farashinka kuma shi ne abin da kafinta zai karɓa ya ƙera sabo, dole ka tsaya ƙasa da shi sosai. Ka rubuta wannan rabon a littafi a kan kowane tuli da sunan inda ya fito. Bayan 'yan watanni littafin zai nuna maka kamfanin da tulinsa ke da albarka da wanda wahala kawai kake kwasowa.

Yadda take girma

Sana'ar tana hawa ne mataki-mataki, kuma kowane mataki ribar na bayansa ce ya kamata ta biya shi. Daga dillanci, inda kake ɗauka nan ka kai can a rana ɗaya, sai ka kai ga ajiye kaya a fili, yadda duk wanda ya kira yana neman 50 za ka ce masa suna nan. Daga nan sai teburin gyara da yara biyu. Mataki mai daɗi da mutane ke tsallakewa shi ne gyaran kwangila. Kamfanin da ke amfani da nasa falet kullum yana karya su, sai ka je da yaranka ka gyara masa a harabarsa, a biya ka a kan kowane guda. Ba ka sa jarin saye ba, ba ka biya mota ba, kuma kana ciki ranar da za su sayar da tsofaffi.

Manyan kamfanoni ba sa hulɗa da aljihu. Za su nemi rajistar sunan kasuwanci daga hukumar CAC, da lambar haraji, da asusun banki mai sunan kasuwancin, da takardar neman biya. Ka yi waɗannan tun kafin a tambaye ka. Amma ka san cewa su sukan biya ne bayan makonni, alhali wanda kake saye a wurinsa da 'yan dako da mai mota duk hannu da hannu suke so. Babbar oda daga kamfani ɗaya tana iya tsayar da kai cak idan duk jarinka ya tafi bashi. Ka riƙe ƙananan masu sito da ke biya nan take, su ne ke juya maka kuɗi, kuma kada ka bari mutum ɗaya ya zama rabin cinikinka. Injin busa ƙusa da zarton lantarki su jira sai ranar da hannu ya kasa cika oda. Motar kanka ta zo a ƙarshe, lokacin da littafinka ya nuna kuɗin hayar da kake biya a wata ya fi abin da kula da mota zai ci.

Wata rana mai fitar da riɗi ko zoɓo ko citta zuwa waje zai zo ya ce yana son falet mai hatimi. Kasuwa ce mai kyau, amma tana da dokarta. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin falet 11 na Turai a shimfiɗe, kuma kowannensu sai ya cika ƙa'idar ISPM 15. Falet mai hatimi da ba a taɓa shi ba yana iya sake tafiya da hatiminsa. Wanda aka gyara kuwa, idan abin da aka sauya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, dole sabon katakon ya zama wanda aka yi wa magani kuma aka yi masa nasa tambarin. Idan ya wuce haka, sai a goge tsohon hatimi, a sake gasa falet ɗin gaba ɗaya, a buga sabo. Ka ga ke nan falet ɗin da ka gyara da allon da ka ciro daga wani tuli ya zama na cikin gida, ko da tsohon tambari na nan raɗau a gungumensa. A Najeriya hukumar NAQS mai kula da killace kayan gona ita ce ke da iko a kan wannan aiki, kuma wanda ta amince wa ne kaɗai ke buga hatimi mai haruffan NG.

Za a samu wanda zai raɗa maka cewa akwai mai sassaƙa tambarin a ƙarfe da araha. Kada ka saurare shi. Idan aka samu ƙwaro a katakon a tashar Turai ko Amurka, ana iya tsare kwantenar ko a juyo da ita, mai kaya ya yi asarar da ta ninka kuɗin falet sau ɗaruruwa, sannan a ƙara tsananta bincike a kan kayan sauran 'yan ƙasa. Idan irin wannan oda ta zo maka, ka je ofishin NAQS mafi kusa ka nemi sunayen waɗanda aka ba izinin gasa katako, ka kai musu falet ɗinka, ka karɓi takarda, sannan ka sa kuɗin a cikin farashi.